Ta Matse Ni a Hammata

Sanyin bana bai yi sallama ba. An kwanta da taga a buɗe, aka wayi gari kowa yana rarrafe a ƙarƙashin gado yana jawo akwatin barguna. Rana kuma ta shiga rowa. Ba ta leƙowa sai gari ya daɗe da wayewa, in ta leƙo ɗin ma fuska a murtuke, kafin a gama wanke kwanonin rana ta tattara nata ya nata ta tafi. A irin wannan lokaci ne Gwana take sakin labulen ɗakinta, ta daina ɗaga shi.

Gwana ba shi ne sunan da iyayenta suka raɗa mata ba. Mijinta ne, Direba, ya laƙaba mata tun tana amarya, ranar da ta saƙa masa hular sanyi ta farko, wadda ta sauko masa har kan hanci. Ya tsaya gaban madubi yana lalube, ya ce, "Kai, na auro gwana!" Tsokana ce, amma sunan ya bi ta, kuma daga baya hannunta ya gaskata shi, har ya zama babu jaririn da za a haifa a benen da suke haya bai sa safar da ta saƙa ba. Yanzu Direba ya rasu, wannan ne sanyi na farko da ya same ta ita kaɗai.

Ranar Laraba 'yarta, Auta, ta biyo daga wurin aiki. Ta tarar da burodin da ta kawo tun farkon mako yana nan cikin ledarsa, shayi ya huce a kofi har ya yi yana, uwar kuma tana kwance da rana tsaka ta ba ƙofa baya. Auta ta zauna a bakin gado da jakarta a cinya.

"Inna, wannan ba zama ba ne. Na yi magana da Yaya a waya, shi ma bakinmu ɗaya. Ranar Asabar zan zo da kwalaye mu haɗa kaya. A mayar wa mai gidan da makullinsa, ki dawo wajena. Ɗakin yara akwai ɗumi."

Gwana ta so ta ce a'a. Ta so ta ce ga saman ƙofar kicin inda Direba ya yi ta buga goshi shekara da shekaru bai taɓa koyon sunkuyawa ba. Ga tagar falo da ke kallon wurin tsayawar bas, inda yake ɗan taɓa mata hon in ya zo wucewa, fasinjoji suna waige-waige suna neman wanda ya tare hanya. A ɗakunan nan ta yi rainon 'ya'yanta, a nan ta san inda kowane cokali yake kwana. Gidan Auta kuwa can ƙarshen gari ne, sama ƙololuwa, talabijin ba ya shiru, kuma a can ita baƙuwa ce da za a riƙa yi wa sannu. Duk wannan yana bakinta, amma kowace kalma nauyinta ya kai buhu. Sai ta ce, "To."

Abin nan ba baƙonta ba ne, tun tana budurwa suke tare. Ba ciwon kai ba, ba zazzaɓi ba, babu inda za ta ɗora yatsa ta ce ga shi nan. Da zarar yini ya gajarta sai wani nauyi ya sauka mata a ƙirji, abinci ya zama kamar tana tauna takarda, magana ta yi mata tsada. Ba kuka take yi ba, da kukan ne ma da sauƙi. Shekarar da ta yaye ɗanta na fari abin ya yi tsanani har Direba ya kai ta asibiti. Likita ya kira wa ciwon wani dogon suna, ya ce ta riƙa zama inda haske yake, ta riƙa fita tana taka ƙafa, ta samar wa hannunta abin yi. Direba yana gefe da hula a kan gwiwa, yana kallon takalminsa. A hanyar dawowa bai yi zancen komai ba sai na wani birki da yake ƙara, har ta ji haushi ta ce a ranta, mutumin nan ko kalma ɗaya bai saurara ba. Suna isa gida ta ja bargo.

A cikin wannan makon ne rigar sanyinsa ta fara matse shi.

Riga ce mai ruwan toka, ta zaren ulu mai kauri, ita ta saƙa masa da hannunta. Ya tsaya mata a ka da sassafe, ƙato da shi ya tare hasken ƙofa, ya ɗaga hannuwa sama.

"Gwana, rigar nan ta matse ni a hammata."

"Jiya ba ta matse ka ba."

"Jiya daban, yau daban. Ni da nake juya sitiyari yini guda, ni na san inda take cizona. In ba za ki iya ba, ki ɗan farke wajen ki yi mini faci."

Faci! A saƙarta! Ta yaye bargon ta miƙe zaune, abin da lallashi ya kasa sa ta yi. Ta ce ya cire ya ba ta. Gwana ba ta faci, kowa ya sani. In riga ta yi laifi, tun daga wuya take kamo bakin zare ta warware ta kaf, ta sake ta sabuwa.

Aikin kuwa ba na kwana ɗaya ba ne. Zaren da aka warware a murmurɗe yake fitowa kamar gashin tunkiya, ba ya saƙuwa haka. Sai an naɗe shi zobe-zobe a bayan kujera, a jiƙa a ruwan ɗumi, a rataye a jikin taga da kofi a ɗaure a ƙasansa don nauyin ya miƙar da shi. In ya bushe, sai wani ya zura hannuwansa biyu a cikin zoben ya ware su, ita kuma tana ja tana dunƙulewa. Direba shi ne mai riƙewa, kuma ba ya riƙewa a ko'ina sai a bakin taga, labule a ɗage, wai yana so ya ga yadda abokan aikinsa suke ɓata tuƙi. Nan za su zauna, shi hannuwa a sama yana lilo da su dama da hagu, yana cewa, "Dubi wancan, dubi yadda ya ci kwana, wa ya ba shi lasisi?" Ita kuma tana cewa, "Ware hannunka, malam, zare kake riƙewa ba jariri ba."

Inda zaren ya cinye sai a yanke a ƙulla sabo, sabon kuwa sai an je shagon da ke bayan gada, tafiya mai ɗan nisa. Sau ɗaya ta aike shi. Ya dawo mata da wani ja mai kashe ido, yana rantsuwa shi a wurinsa ruwan toka ne. Daga ranar ba ta ƙara aikensa ba. Takan naɗe kanta da mayafi ta sauka, tana tafe tana mita, ta tsaya gaisawa da mai shagon, ta biya ta sayi lemo, ta dawo kumatu sun yi sanyi tana jin yunwa.

Haka aka yi wannan shekarar, haka aka yi ta gaba, har abin ya zama kamar faɗuwar ganye. Sanyi na shigowa hammatar Direba za ta motsa. "Wai hammatar nan taka kabewa ce da take ƙara girma duk shekara?" in ji ta. Wani lokaci takan ƙara faɗin da gaske. Wani lokaci kuwa, don mugunta, sai ta mayar da rigar daidai yadda take, ko layi ɗaya ba ta ƙara ba. Ya saka, ya jujjuya kafaɗu, ya ce, "Yauwa! Yanzu na ji magana." Ita kuma ta shige kicin ta toshe baki tana dariya, tana cewa namiji dai ba ya girma. Kafin ta ɗaure zaren ƙarshe yini ya fara tsawo, tsuntsaye sun dawo kan wayar lantarki, nauyin ƙirjinta ya tafi ba ta san ranar da ya tafi ba.

A ƙarshen sanyin bara Direba ya kwanta. Da rigar a jikinsa aka kai shi asibiti. Bayan an yi abin da za a yi, aka miƙo mata jaka: silifas, hula, ƙaramar rediyonsa, tabarau. Babu riga. Ta koma asibitin ta tambayi masu jinya, ta tambayi masu shara, har ɗakin wanki ta leƙa, kowa ya ce bai gani ba. Mutane suna mata ta'aziyyar miji, ita kuma tana jin kunyar ta ce musu akwai wani rashin a kan rashin. Riga ce kawai, ta sani. Amma ta daɗe ba ta yafe wa asibitin nan ba.

Ranar Alhamis, washegarin zuwan Auta, da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ta yi shiru ko mai bugun zai gaji. Bai gaji ba. Ya buga, ya huta, ya sake bugawa, har maƙwabciya ta leƙo tana tambaya ko lafiya. Gwana ta ja ƙafa ta je ta buɗe.

Guntu ne, ƙanin Direba, mai shagon aski. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma kamar wajen yin yayan aka ƙarar da kayan aiki, shi aka haɗa shi da ragowa. Ita ta sa masa Guntu tun zuwanta gidan, shi kuma bai taɓa barin bashin tsokana ya kwana ba. Yau dai babu wasa a fuskarsa. Yana tsaye ƙiƙam a saman matakala, cikin riga mai ruwan toka da ta sauko masa har gwiwa. Hannayenta sun haɗiye yatsunsa sun yi saura, wuyan ya zame ya bar kafaɗa ɗaya a waje. Ya ɗaga hannuwa sama, ya kafa ido a silin kamar ɗalibin da aka tsayar ya kawo hadda.

"Matar Yaya, ina kwana. Rigar nan..." ya haɗiyi yawu, "ta matse ni a hammata."

Gwana ta dafa ƙofa. Ta san rigar kafin ta san mai sanye da ita. Ga ɗan jan nan mai kashe ido a gefen ciki, wanda ta ƙi zubarwa don ta riƙa yi masa gori. Ta ɗago ta dube shi.

"A ina ka same ta?"

"Ai... tawa ce. Wato ba ni aka yi."

"Kuma ta matse ka."

"Ƙwarai. A hammata."

"Guntu, irinka biyu za su shiga rigar nan, a bar wa kyanwa wurin kwana. Shigo ka rufe mini ƙofa."

Guntu mutum ne da zai yi maka aski yana zuba tun daga ƙeya har gemu, amma Allah bai ba shi ƙarya ba. In ya gwada, hancinsa ke tona shi. A wannan sanyin da ake hura hannu, gumi ne tsaf-tsaf a kan hancin. Ya zauna a bakin kujera, rigar ta taru a cinyarsa.

"Wa ya ce ka faɗi haka?"

"Babu kowa."

"Dube ni."

Ya dube ta, sai idanunsa suka kawo ruwa. "Yaya ne. A asibiti, ranar da kika sauka sayo masa lemo. Ya cire ta ya cusa mini a leda, ya ce in ɓoye, kada ki gani sai sanyi ya shigo. Ya ce, ranar da ka bi ta layin ka ga labulenta a sake da rana, ka saka ka je ka ce mata ta matse ka a hammata. Har maimaitawa ya sa na yi. Wallahi ina ganinki kina nemanta, hanjina kamar zai tsinke, amma na riga na yi masa alkawari." Ya ɗaga hannun rigar da ke reto ya duba, kamar yanzu ya fara ganinsa. "Ni ban yi tunanin girman ba. Shi ma ina jin bai yi ba."

Gwana ta nemi kujera ta zauna. A hankali abubuwa suka riƙa dawo mata, kowanne ya juyo da ɗaya fuskar tasa. Kujerar da ba ta zama ko'ina sai bakin taga. Jan zaren nan, daga mutumin da yake bambance launin fitilar kan hanya tun daga nesa cikin hazo. Hula a kan gwiwa a ofishin likita, da zancen birki. Haske, tafiya, abin da hannu zai yi. Ashe babu kalmar da ta wuce shi.

Abin da ya fara zuwa mata fushi ne, kuma ta yi mamakin ƙarfinsa.

"Wato duk shekarun nan ni aka mayar sakarya? Ina zaune ina tsiyayar da idona a kan riga lafiyayya, ku kuna can kuna dariya?"

"A'a, matar Yaya, ba duka ba. Akwai shekarar da ta matse shi da gaske. Shekarar da aka mayar da shi layin da ke bi ta gaban gidan burodi."

"Rufe mini baki! Ni ma ai na rama. Sau nawa ina mayar masa da ita yadda take, ya saka yana yauwa yauwa, bai san komai ba?"

Guntu ya sosa ƙeya. "Ya sani."

"Ya san me?"

"Yakan zo shago ya zauna a kujera ya ce, bana ma Gwana ko layi ba ta ƙara ba, tana can kicin tana mini dariya. Ya yi ta ƙyaƙyatawa har sai na ɗaga reza, kada in yanke masa kunne. Ya ce wannan dariyar ta kicin ita yake jira. In ya ji ta, ya san an haye."

Nan fushin ya karye. Wani abu ya taso mata, ita kanta ba ta san dariya ba ne ko kuka, ya fito duka biyun a haɗe. Ta kifa fuska a tafin hannu, kafaɗunta suna rawa. Tun rasuwar ba ta yi irin wannan kukan ba. Ta yi kewarsa, kewa mai zafi, ta mutumin da ya yini riƙe da sitiyari sannan ya dawo ya ɗaga mata hannuwa sama har su yi tsami, bai taɓa cewa don ke nake yi ba. Guntu ya rasa inda zai sa kansa, ya yi ta share hanci da hannun rigar, sai da ta ɗago ta daka masa tsawa.

"Da saƙata kake share majina? Cire ta!"

Ya cire, ya rage daga shi sai 'yar shat, ya miƙa mata. Ta shimfiɗa rigar a cinya. Ƙamshinsa ya tafi, sai warin leda da hodar shagon aski. Amma siffarsa tana nan. Gwiwar hannu ta yi ƙullutu inda yake lanƙwasa ta. Bakin hannun da yake jinginawa a tagar bas ya cinye ya yi sheƙi. Gaban ya ɗan buɗe daidai inda tumbinsa yake zama. Duk duniya babu sauran wani abu da ya riƙe girman Direba sai wannan, kuma ta san aikinta: in ta ja bakin zare, kafin la'asar babu gwiwar hannu, babu tumbi, sai tarin zare a murmurɗe.

Guntu ya ga yadda take shafa ta. Ya yi ƙasa da murya. "In ba za ki iya ba, ki ajiye ta haka. Ni na isar da saƙo. Babu wanda zai ce kin yi laifi."

Ta yi tunanin hakan. Za ta iya ninke ta ta sa a kwalin Auta ranar Asabar. Can za a samar mata aljihun durowa, a zuba mata kafur, a riƙa buɗewa lokaci lokaci ana dubawa ko tana nan lafiya. Ita kanta ma haka za a yi mata, a ɗakin yara mai ɗumi. Direba kuwa bai ɓoye rigar nan wata da watanni don a adana ta ba. Da adanawa yake so, da ya bar ta a jaka tare da silifas.

Guntu ya yi atishawa, ya sake yi. Ya rungume kansa, haƙoransa suna haɗuwa.

"Kai dai ba ka da jini," in ji ta. Ta tashi ta shiga kicin ta ɗora ruwa a wuta, ta yanka burodin Auta, ta kawo masa da shayi, ta jefa masa bargo. Da ta ga yana ci sai ta ji ita ma cikinta ya motsa, ta gutsuri kaɗan. Sannan ta ɗauko ƙaramin almakashi daga gwangwanin da yake ciki, ta juya wuyan rigar tana neman inda ta ɓoye bakin zare. Kullum a baya take ɓoye shi, ɓangaren hagu. Ta lalaba, ta kanne ido, ba ta gani.

"Ɗaga labulen nan, ba na ganin komai."

Ya ɗaga. Hasken ba wani na kirki ba ne, fari-fari ne marar ƙarfi, amma ya shigo ya kwanta a kan tebur, ya nuna ƙurar da ta taru. A ƙasa wata bas ta tsaya, ta sauke mata biyu da yaro mai jakar makaranta, ta tashi da gurnani. Ba ta yi hon ba. Gwana ta bi ta da ido har ta sha kwana.

"Dubi yadda ya ci kwanar nan," ta ce a hankali. "Wa ya ba shi lasisi?"

Ta sami bakin zaren. Ta riƙe shi tsakanin yatsu biyu na ɗan lokaci, sannan ta datse ƙullin ta ja. Layin farko ya tafi tirrr, kamar ba a taɓa saƙa shi ba. Hawaye suna zuba, hannun bai tsaya ba. Wuya ya tafi, kafaɗa ta bi. Kowane ƙulli da ya biyo ta cikin yatsunta ta san shi. Wannan mai duhun, shekarar da Auta ta yi ƙyanda ne, a bakin gadonta aka ƙulla shi. Wannan mai laushin, ɗanta ne ya aiko da shi daga inda yake aiki. Ga jan. Tana ja tana faɗa, Guntu yana naɗewa a bayan kujera yana ƙara nasa, yana gyara mata inda ta manta, tana ce masa ƙarya yake yi.

Ranar Asabar Auta ta hawo matakala da kwalaye a ninke a hammata, tana haki. Tun daga ƙofa ta ji muryar uwarta.

"Ware hannunka! Yayanka in ya riƙe, zare har waƙa yake yi. Kai kamar an ba kaza riƙon igiya."

"Matar Yaya, kafaɗata za ta cire."

"Ta cire mana, sai in rage faɗin rigar."

Auta ta tsaya a bakin falo. Labule a ɗage, sauran zobban zare suna rataye a taga kowanne da kofi a ƙasansa, tukunya tana tafasa a kicin. Baffanta yana kan kujerar babanta, ƙafafunsa ba su kai ƙasa sosai ba, hannuwa a sama. Uwarta ta rame, idanun sun faɗa, ba za a ce ta warke ba. Amma ta ɗaura ɗankwali, kuma dunƙulen zare yana juyawa a hannunta.

"Inna... kwalayen fa?"

"Bar mini ɗaya, ina neman inda zan zuba zare. Sauran ki mayar." Ba ta ɗago ba. "Ba zan iya tashi da aiki a hannu ba. Kin ga mutumin nan babu kafaɗa babu ƙirji, sai an zauna an yi lissafi. Gobe ma sai na je bayan gada, bakin hannun duk ya cinye."

"Zuwa yaushe ke nan?"

"Sai yini ya yi tsawo."

Auta ta dubi zaren, ta ga jan nan, ta gane. Ta ajiye kwalayen a bayan ƙofa, ta shige kicin wai za ta duba tukunya, ta daɗe ba ta fito ba.

Sanyin bai yi wa Gwana sauƙi don wannan ba. Akwai ranakun da ta saka layi biyu ta ajiye, akwai waɗanda Guntu ya yi ta bugun ƙofa kafin a buɗe, Auta kuma ba ta fasa biyowa daga wurin aiki ba. Amma makulli bai koma hannun mai gida ba. Ranar da ta ɗaure zaren ƙarshe taga a buɗe take, ana jin hayaniyar yara a ƙasa. Da yake mai rigar yanzu rabin na da ne, zare ya yi saura da yawa, dunƙule guda babba wanda sai da hannu biyu ake ɗauka. Guntu ya tambaya ko za ta yi masa hula da shi. Ta ce a'a, wannan ba nasa ba ne, na yayansa ne. Ta ɗora shi a kan kujerar bakin taga.

Guntu ya saka rigar ya tsaya gaban madubi. Ta zauna masa ɗas, kamar a jikinsa aka saƙa ta. Ya jujjuya kafaɗu, ya buɗe baki zai yaba, sai ya tuna. Gumi ya tsatso masa a hanci. Ya fara ɗaga hannuwa sama.

"Matar Yaya, sai dai fa kamar ta ɗan..."

"Sauke hannunka," in ji Gwana, tana mayar da almakashi cikin gwangwani. "Ba yanzu ba. Ka riƙe ta sai ka ga labulena a sake."